Tsohuwar Manhaja Da Sabuwa: A Bar Su Su Zauna Tare, Amma Da Wa'adi

A ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da babbar manhajar nan da ake kira Windows 10, wadda ya fitar tun cikin watan Yuli na 2015. Washegari ma'aikata sun shiga ofisoshinsu sun kunna kwamfutoci, sun tarar da kome yana aiki yadda aka saba, saboda haka da yawa daga cikinsu ba su ma san an yi wani abu ba. Amma fa lamarin ya shafi akawun da ke lissafin albashi a sakatariyar jiha da ke Titin Independence, ya shafi ɗalibin da ke rubuta kundinsa a Jami'ar Jihar Kaduna, ya kuma shafi mai shagon buga takardu a cikin Doka. Don haka ya kamata a tsaya a duba shi da idon basira, tun kafin ya zama abin da-na-sani.

Da farko, mece ce babbar manhaja? Ita ce mai gida a cikin kwamfuta. Ita ke karɓar umurni daga madannai, ita ke ba sauran ƙananan manhajoji wurin zama, ita ke magana da firinta, ita ce kuma ke tsare ƙofa idan an haɗa na'urar da intanet. In babu ita, kwamfuta ƙarfe ce da roba kawai. To, da yake aikin ɗan Adam ba ya rasa aibu, kullum akan gano wata ɓaraka a jikinta wadda ɓarayi za su iya bi su shigo. Al'adar kamfanin ita ce, a Talata ta biyu ta kowane wata yakan aiko da faci a toshe ɓarakar da aka gano. Janye hannun da aka yi, ma'anarsa ita ce an daina aiko da wannan faci kyauta ga kowa da kowa. Katangar tana nan tsaye, amma magini ya tafi, duk inda ta tsage kuma haka za ta zauna.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. An yi wa Windows XP irin wannan ritaya ranar 8 ga Afrilu, 2014, aka yi wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne, wadda ta gaje su, watau Windows 11 da ta fito cikin Oktoba na 2021, tana da sharuɗɗa masu tsauri. Tana neman a samu wani ɗan guntun abin tsaro da ake kira TPM 2.0 a cikin na'urar, tana neman wurin ajiya na aƙalla gigabait 64 da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4, sa'an nan ba ta amincewa da mafi yawan injinan Intel da aka ƙera kafin 2017. Wani kamfanin nazarin kasuwa mai suna Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 a duniya na iya komawa shara saboda waɗannan sharuɗɗa. Duk wanda ya san irin kwamfutocin gwanjo da suka cika ofisoshi da shaguna a ƙasar nan, ya san cewa da yawansu suna cikin wannan lissafi.

A kan wannan batu mutane sun kasu gida biyu. Akwai masu cewa a kwashe tsofaffin na'urori gaba ɗaya a kai sito, a ba da kwangilar sayo sababbi, a wuce wurin. Akwai kuma masu cewa tun da dai abin yana aiki, a ƙyale shi, Bature ne kawai yake neman hanyar sayar da hajarsa. Kowane ɓangare yana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma duk wanda aka bi shi kaɗai, jama'a ce za ta sha wuya.

MASU CEWA A ZUBAR

A ɗauki na farkon. Ba sai an faɗa ba, kuɗin da za a sayi ɗaruruwan kwamfutoci a lokaci guda, daga baitulmalin da ake biyan malaman makaranta da sayen magani zai fito, kuma da dala ake shigo da su. Ko da an samu kuɗin ma, akwai wata matsala da ta fi wannan. Ofis ba don son babbar manhaja yake riƙe da tsohuwar kwamfuta ba, don abin da ke cikinta ne. Wani wurin tsohuwar manhajar lissafi ce da aka rubuta shekaru ashirin da suka wuce, wanda ya rubuta ta ya yi ritaya ko ya rasu. Wani wurin firinta ce ko na'urar awon jini a asibiti wadda kamfaninta bai sake fitar mata da manhajar haɗi ba tun zamanin Windows 7. Wani wurin kuwa littafi ne da aka shirya da PageMaker, manhajar da kamfanin Adobe ya fitar da ta ƙarshe a 2001. Har ila yau, manhajojin da aka rubuta a tsarin da ake kira na bit 16, na zamanin DOS da Windows na farko, ba sa tashi ko kaɗan a kan Windows 11. Wanda ya zubar da tsohuwar na'ura kafin ya kwashe waɗannan, ya zubar da aikin shekaru.

Masu rubutu da Hausa sun fi kowa sanin wannan ciwo. Lokacin da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshi da maɗaba'u a shekarun 1990, babu haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, a cikin salon rubutun da take zuwa da shi. Sai masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano suka ƙirƙiro salon haruffa na musamman don magance wannan, aikin da ya taimaki marubuta da ɗalibai ƙwarai da gaske. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce, a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba a sa harafin Hausa a wurin. Daga baya tsarin duniya na Unicode ya kankama, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. To, duk takardar da aka buga da tsohon salo, idan aka buɗe ta a sabuwar na'urar da babu wannan salo a cikinta, sai a ga wasu alamomi marasa kan gado a inda ƙ da ɗ suke. Kundayen digiri da littattafai da jawabai na Hausa masu yawa suna cikin wannan hali, kuma gyaransu yana bukatar a ga tsohon yadda yake kafin a mayar da shi sabo.

MASU CEWA A ƘYALE

Su kuma masu cewa a ƙyale kome yadda yake, ya kamata su tuna da abin da ya faru ranar Juma'a, 12 ga watan Mayu, 2017. A wannan rana wata ƙwayar cutar kwamfuta da aka laƙaba wa suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kama na'urori fiye da 200,000. Aikinta shi ne ta kulle duk takardun da ke cikin kwamfuta, ta ce sai an biya fansar dala 300 kafin a buɗe. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000, kuma ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ƙiyasta asarar da aka yi a kan fam miliyan 92. Abin lura a nan shi ne, kamfanin ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun cikin watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa facin ba. In haka ta samu wanda aka aiko masa da faci ya yi sakaci, ina ga wanda ba a aiko masa da kome? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A kuma duba abin da ke cikin kwamfutocin gwamnati. Akwai sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki, akwai lissafin fansho, akwai takardun filaye, akwai sakamakon jarrabawar ɗalibai. Waɗannan duka amanar jama'a ce. Tun cikin watan Yuni na 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Ofishin da ya bar su a cikin manhajar da aka daina yi wa faci, kuma ya haɗa ta da intanet, daidai yake da ma'ajin da ya tafi gida ya bar ƙofar baitulmali a buɗe.

DARASI DAGA GIDA

Ba sai an je nesa ba wajen neman darasin yadda ake sauya tsohon abu da sabo, tarihin ƙasar nan ya isa. Ranar Lahadi, 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Wannan canji tilas ne a yi shi rana ɗaya, domin babu yadda za a ce wasu motoci su bi dama wasu su bi hagu a titi guda. Bayan wata tara, ranar 1 ga Janairu, 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya a kan naira biyu. Shi kuwa wannan an bi shi a hankali, an yi ta wayar da kan jama'a ta rediyo da jarida, tsohon kuɗi da sabo suka yi yawo tare na wani lokaci, har mutanen kasuwa suka ci gaba da kiran kwabo goma da sunan sule shekara da shekaru, ba wanda ya cutu. Hikimar mai mulki ita ce ya gane wane canji ne irin na titi, wane ne irin na kuɗi.

Abin da rashin gane wannan yake haifarwa, jama'a sun gan shi da idonsu. Cikin Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fito ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Aka janye tsohon kuɗi alhali sabon bai wadata ba. Mutane suka kwana a layin banki, masu ƙananan sana'o'i suka rasa ciniki, mai kuɗi a asusu ya rasa na cefane. Jihar Kaduna tana cikin jihohi uku na farko, tare da Kogi da Zamfara, da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ita kuwa ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki tare da sababbin. Jihar da ta yi wannan tsayin daka a kan kuɗi, bai kamata ta manta da darasin ba idan an zo kan kwamfutocin ofisoshinta. Sauya babbar manhaja canji ne irin na kuɗi. Hanyar da ta dace ita ce tsohuwa da sabuwa su zauna tare, sabuwa tana fuskantar duniya, tsohuwa tana ciki ana kwashe kayan da ke hannunta.

YADDA AKE YI

Hanyoyin yin haka uku ne. Ta farko ita ce a raba faifan ajiya na kwamfutar gida biyu, kamar yadda ake raba gida da katanga, a sa kowace manhaja a sashenta. Idan an kunna na'urar sai ta tambaya wacce za a shiga, mai aiki ya zaɓa. Amfanin wannan hanya shi ne, duk wadda aka shiga tana samun ƙarfin na'urar gaba ɗaya, kuma tana magana da firinta ko wata na'ura kai tsaye. Ƙa'idar da masu gyara suka sani ita ce a fara sa tsohuwar kafin sabuwar, domin sabuwar ta san da zaman tsohuwar, amma tsohuwar ba ta san sabuwar ba, in aka sa ta daga baya takan shafe hanyar shiga ɗaya sashen. Kafin a taɓa faifan kuma, wajibi ne a kwafe duk abin da ke ciki zuwa wani wuri dabam, domin kuskure ɗaya wajen rabon yana iya shafe kome.

Wannan hanya tana da nata haɗari, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ba a iya aiki da manhajojin biyu a lokaci guda, sai an kashe an sake kunnawa. Katangar da ke tsakaninsu ba ta da tsawo, domin cutar da ta shiga ta tsohuwar tana iya kai hannu ga takardun da ke sashen sabuwar. Daɗin daɗawa, sababbin kwamfutoci da yawa ba su da manhajojin haɗi na Windows 7 ko XP, saboda haka tsohuwar ba ma za ta zauna a kansu ba. Wani lokaci kuma facin da aka aiko wa ɗaya yakan taɓa ɗayar, kamar yadda ya faru cikin Agusta na 2024, lokacin da wani facin Windows ya hana wasu masu manhaja biyu shiga sashensu na Linux.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da yawancin ofisoshi. Ita ce a sa sabuwar manhaja ta zama mai gida, sa'an nan a gina wa tsohuwar ɗakin baƙo a cikinta. Akwai manhajoji da aka yi don wannan aiki, irin su VirtualBox na kamfanin Oracle wanda ake samu kyauta, da Hyper-V wanda yake zuwa cikin wasu nau'o'in Windows. Suna kwaikwayon kwamfuta sukutum a cikin kwamfuta, har tsohuwar manhaja ta ɗauka a kan na'urarta take. Akawu yana iya buɗe tsohon lissafi a taga ɗaya, yana shigar da shi sabon tsari a ɗaya tagar. Ana iya toshe wa baƙon hanyar intanet gaba ɗaya, kuma da yake shi duka fayil ɗaya ne, ana iya kwafe shi a ajiye, in ya lalace a dawo da na ajiya. Shi kansa Microsoft ya bi wannan hanya a 2009, lokacin da ya ba masu wasu nau'o'in Windows 7 damar tafiyar da XP a cikinta. Sharaɗinta shi ne na'urar ta kasance da isasshiyar ƙwaƙwalwar aiki, kuma baƙon ma ya kasance da lasisinsa na halal.

Hanya ta uku ita ce mafi sauƙi. Inda wata na'ura ta asibiti ko ta maɗaba'a ta ƙi aiki sai da tsohuwar kwamfutarta, to, a bar su tare, a cire wayar intanet, a hana kowa soka mata filas ɗin da ya ga dama, a rubuta sunan ma'aikaci ɗaya da zai riƙa kula da ita.

Saura kwamfutocin da lafiyarsu lau amma Windows 11 ta ƙi su. Waɗannan ba su cancanci juji ba. Akwai babbar manhaja ta kyauta da ake kira Linux, wadda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991. Tana da nau'o'i da dama, daga ciki akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya assasa a 2004. Ana aiko mata da faci a kai a kai, tana tashi a kan tsofaffin na'urori, kuma da ita da LibreOffice ana buga wasiƙa, a yi lissafi, a shiga intanet, wanda shi ne mafi yawan aikin ofis. Kwamfutar da aka sa mata Linux a sashe ɗaya don hulɗa da waje, aka bar tsohuwar Windows a ɗaya sashen ba tare da intanet ba, tana iya ƙara wasu shekaru tana aiki.

A nan ma sai an yi hattara. Majalisar birnin Munik ta ƙasar Jamus ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, kuma ya zuwa 2013 ta sauya kwamfutoci kusan 15,000, amma a 2017 sai ta ƙada ƙuri'ar komawa Windows, bayan ƙorafe-ƙorafen ma'aikata da sauyin shugabanci. Su kuwa jandarmomin Faransa sun bi abin daki-daki. Sun fara sauya manhajar rubutu da lissafi a 2005 alhali suna kan Windows, sai da ma'aikata suka saba, sa'an nan suka fara komawa Ubuntu a 2008, kuma abin ya ɗore. Darasin shi ne a fara da horar da mutum kafin a taɓa na'ura. Sannu ba ta hana zuwa.

TAURA BIYU

Mai sukar wannan ra'ayi zai ce ai taura biyu ba ta taunuwa. Ma'aikacin da ƙyar ya iya manhaja ɗaya, yaya za a ɗora masa biyu? Kuma an san halin ofis, abin da aka ce na wucin gadi ne shi ke zama na dindindin. Wannan suka tana da nauyi, kuma amsarta ita ce wa'adi. Zaman tsohuwa da sabuwa tare gada ce ta ƙetarewa, ba a kuwa gina ɗaki a kan gada. Duk ofishin da ya riƙe tsohuwar manhaja, tilas ne ya rubuta dalili, ya rubuta aikin da take yi wanda sabuwar ta kasa, ya kuma rubuta ranar da za a gama kwashe kayan a rufe ta. In ranar ta zo ba a gama ba, a tambayi shugaban sashen dalili, kamar yadda ake tambayarsa bayanin kuɗin da ya kashe.

Gaskiya ne kamfanin ya buɗe ƙofar sayen ƙarin lokaci. Ya sanar cewa hukumomi da kamfanoni suna iya biyan dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, har iyakar shekara uku. Wanda ya yi lissafi zai ga cewa kwamfuta ɗaya za ta ci dala 427 cikin shekara ukun, kuɗin da ya kusa sayen wata. Wannan hanya tana da amfani ga 'yan na'urori ƙalilan da ba makawa sai da su, amma ba za ta zama manufar gwamnati ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Saboda haka ana kira ga Ofishin Shugaban Ma'aikata na jiha, da manyan sakatarori, da shugabannin ƙananan hukumomi, tun daga ta Kaduna ta Arewa mai hedkwata a Doka, da su fara da ƙidaya. A san kwamfuta nawa ce a kowace ma'aikata, wace manhaja ce a kanta, wane aiki take yi, kuma tana haɗe da intanet ko ba ta haɗe. Wannan aiki takarda da biro kawai yake bukata. Daga nan a kasa su uku: masu iya ɗaukar Windows 11 a ɗaga su, waɗanda ba sa iyawa a sa musu Linux, masu riƙe da tsohon aiki na musamman a killace su. Sai bayan an yi wannan ne za a san ainihin adadin sababbin da ake bukata, kuma lalle zai gaza abin da ɗan kwangila zai faɗa. A kuma sa sharaɗi cewa duk wanda zai rubuta wa gwamnati manhaja nan gaba, ya miƙa ta tare da asalin rubutunta da bayanin yadda take aiki, don kada tafiyar mutum ɗaya ta tsayar da ma'aikata guda.

A Doka ɗin nan akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda ake ajiye fayil-fayil na zamanin Turawa da rubuce-rubucen Larabci da ajami, ga kuma Gidan Arewa a Titin Rabah, tsohon gidan Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi tun 1970. Ɗalibi yana iya zuwa can ya karanta wasiƙar da wani razdan ya rubuta shekara ɗari da suka wuce, amma zai yi wuya ya iya buɗe rahoton da aka ajiye a faifan fulofi a 1998. Wannan abin kunya ne ga zamani. Wajibi ne a yi amfani da lokacin da tsofaffin manhajoji suke raye a juya muhimman takardu zuwa tsarin da ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, irin su PDF/A da aka amince da shi a 2005 don ajiya mai tsawo, a mayar da rubutun Hausa kan Unicode, mafi muhimmanci kuma a buga su a takarda a kai ma'ajiya.

Ga ɗalibai kuwa, akwai gargaɗi, akwai kuma albishir. Gargaɗin shi ne, kwamfutocin da Turai da Amurka suke sallama saboda Windows 11 ta ƙi su, wani kaso nasu kasuwannin ƙasar nan zai nufo, da araha mai ruɗi. Kafin ɗalibi ya ba da kuɗinsa, ya tambayi shekarar injin, ya tambaya ko akwai TPM 2.0, kada ya yarda da ganin tambarin Windows 11 a fuska kawai, domin akwai dabarun cusa ta a kan na'urar da ba ta cancanta ba, kuma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan faci ba. Albishir ɗin shi ne, wannan yanayi makaranta ce. Ɗalibin da ya koyi raba faifai, ya koyi gina kwamfuta cikin kwamfuta, ya iya Linux, ya riƙe sana'ar da ma'aikatu da bankuna za su daɗe suna nema. Kamata ya yi Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su tura ɗalibansu masu koyon aiki su taimaka wa ma'aikatu wajen wannan ƙidaya da ƙaura, gwamnati ta samu sauƙi, su kuma su samu ƙwarewa.

Wata rana ita ma Windows 11 za a yi mata ritaya, kamar yadda aka yi wa waɗanda suka gabace ta. Ma'aikatar da ta koyi yadda ake ƙaura cikin tsari a wannan karo, ba za ta firgita ba idan wancan ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amanar jama'a, ya kuma ba ma'aikata da ɗalibai himmar neman sani, amin.